Kunnuwan da ke Ƙarƙashin Dutse

"Ka riƙe min mutanen nan a bakin ƙofa," in ji manajan kamfanin haƙar ma'adinai, "kada ɗan jarida ko ɗaya ya shigo. Ni kuma in bar injin tono yana aiki har faɗuwar rana."

Na ce, "Ka haɗa min da akwatin."

"Wane akwati?"

"Wanda kunnuwanku ke zuba magana a ciki. 'Yata za ta duba."

Ya kalle ni, ya leƙa taron ta taga, ya miƙo hannu. Na yi dillancin motoci, na yi na filaye, amma ban taɓa ƙulla ciniki irin wannan ba. Ramin ya rufta shekaranjiya da mutum huɗu a ciki, har da mijin 'yata. Kamfani ya gaji, yana neman ya ce an yi iya yi. Mutane kuwa suna jin maganata, manaja ya san haka.

Kunnuwan wasu 'yan na'urori ne da aka binne a jikin dutsen. Duk motsin ƙasa sukan aika shi ta waya zuwa akwatin, wata da watanni, cikin fayil guda. Washegarin ruftawar ƙasa ta ƙara zamewa ta tsinke wayoyin. Abin da suka ji a tsakani, shi muke nema.

Na tarar da 'yata a ofishin injiniyoyi, ɗaki mai warin ƙura da tsohon shayi. Aikinta ke nan a jami'a, karanta irin waɗannan fayiloli. Injiniyan kamfanin na tsaye a kanta, idonsa ja.

"Tun jiya nake buɗe shi, kwamfutar na sandarewa," in ji shi.

"Gaba ɗaya kake ɗura mata?" ta ce. "Wa ya taɓa haɗiye sa da ƙahonsa?"

Na ce ta yi min bayani irin na wanda bai yi boko ba. Ta yi, ba ta ɗago ba.

"Baba, ba rubutu ba ne, lambobi ne zalla, a jere kamar buhunan siminti a sito, kowane buhu girmansa ɗaya. Na san ranar da aka fara jerawa. In na yi lissafi, sai in tsallaka kai tsaye kan buhun da nake so, ban taɓa sauran ba."

Na koma bakin ƙofa. Wata tsohuwa, uwar ƙaramin cikin mutum huɗun, ta kama min riga.

"Yaya, me suke ɓoyewa? Ka bar masu kyamara su shiga, duniya ta gani!"

Na ce ta yi haƙuri, ana aiki. Na daɗa wa taron baki, na yi musu barkwanci har wasu suka murmusa. Rana ta fara karkata.

Da na dawo, 'yata na zaune ta dafe kai. A fuskar kwamfutar layi ne miƙaƙƙe, ba ko ɗigon motsi.

"Na isa wurin, Baba," ta ce. "Shiru. Ba wanda ya buga komai."

Na zauna a kan wani kwali. Injiniyan ya cire hularsa. A waje injin tono na ta gurnani, kofin shayin da ke kan tebur na karkarwa a kan farantinsa. Ta zuba wa kofin ido, ta daɗe.

"Tsaya," ta ce. "Injin nan tun shekaranjiya yake tono. Me ya sa kunnuwan ba su ji shi ba?" Ta juya ga injiniyan. "In wuta ta ɗauke, akwatin na ci gaba da rubutu?"

"A'a, tsayawa yake."

"Sai yanzu kake faɗa min! Ai buhunan ba su kai yadda na lissafa ba. Na zarce, na faɗa bayan tsinkewar waya."

Kowane buhu ashe da lokacinsa manne a bakinsa. Sai ta bar lissafi. Ta leƙa tsakiyar fayil ɗin, ta ga watan jiya ne, ta watsar da rabin farko. Ta leƙa tsakiyar abin da ya rage, ta sake watsar da rabi. Yatsunta na kuskure, tana gogewa tana sakewa. Manaja ya leƙo yana nuna agogonsa.

"Dattijo, rana fa ba ta jiran kowa."

Na ce, "Ka taɓa makullin injin nan, ni da kaina zan buɗe musu ƙofa."

A fuskar kwamfutar, layin ya yi tsalle kamar an soke shi: ruftawar ke nan. Ta ja gaba kaɗan-kaɗan. Can sai ga wasu 'yan ƙayoyi, uku-uku, a tsare. Ƙasa ba ta motsi a tsare haka, sai hannun mutum da ƙarfe.

"Kunnen gabas ne ya riga sauran ji," ta ce. "Suna gabas. Ku kuna tono a yamma."

Aka juya injin. Rana ta faɗi, amma ba wanda ya isa ya kashe shi, don masu tono sun fara jin bugun da kunnensu.

Uku aka ciro da rai. Surukina ya bar yatsu biyu a can, 'yata ta ce sauran takwas sun ishe ta. Ɗan tsohuwa kuwa, jikinsa da sauran ɗumi aka fito da shi.

Wanda ya fi kowa cin riba manaja ne: ba hoto ko ɗaya, yana nan kan kujerarsa. 'Yata ta sami mijinta. Tsohuwa ta rasa ɗa, kuma ta ji labarin cinikin da na yi. In mun haɗu a hanya, sai ta tsallaka ɗaya gefen. Ni ma ban ƙara ƙoƙarin gaishe ta ba.