Baƙin Karen Aji Huɗu

Makon Romawa ne a makarantar firamaren da ke kan tudu, sama da garin Totonicapán. Yaran aji huɗu sun yafa zanin gado a kafaɗa, sun gina fitilun yumɓu. Babban aikin shi ne daɓe irin na Romawa, wanda suke jera ƙananan duwatsu masu launi har su fitar da hoto. Malama Aurelia Tzoc ba ta da duwatsu, sai ta ce kowa ya kawo masara da wake, masu launi mai kyau.

Bara ƙwari sun cinye aikin kafin hutu. Saboda haka bana ta kai ƙwayoyin gida, ta gasa su a kaskon tortiya, wainar masarar da ake ci a garin, sannan yara suka manna su da gam a kan katako. Hoton baƙin kare ne mai tsaron ƙofa. Wata yarinya, Marleny, ita ta kawo baƙar masarar, cike da buhun leda.

"Wannan karen naki, Malama, ya fi kama da akuya," in ji Malam Efraín na aji biyar, yana leƙe ta taga.

"Naka ɗaliban ko akuyar ba su yi ba."

Ana cikin haka kakar Marleny, Doña Petrona Ixcoy, ta shigo, da kallabi a naɗe a kai. Ba ta dubi jikarta ba. Ta gaishe da malaman, ta tsaya tana kallon katakon da ke ƙasa, ta daɗe.

"Iya, ga kujera," in ji Aurelia.

"Na gode, 'yata. Masarata na zo ɗauka. Wadda na rataye saman murhu."

Aurelia 'yar garin ce, ta san abin da ake ratayewa saman murhu hayaƙi ya tsare shi. Iri ne. Saura wata guda a yi shuka.

"Kin ce mafi kyau, Malama," in ji Marleny, muryarta ƙasa ƙasa. "Su ne suka fi kyau."

"Gam ba komai ba ne," tsohuwar ta ce. "In na jiƙa zai saki."

Ta sa farce ta ɓamɓaro ƙwaya ɗaya daga wutsiyar karen, ta murza, ta sa a baki ta ciza. Ta tauna a hankali.

"An gasa?"

"An gasa, Iya."

"Duka?"

"Duka."

Efraín ya shigo daga waje, wasan ya bar fuskarsa. Ya ce akwai iri a shagon manoma, shi zai sauka gari ya kawo. Doña Petrona ta ce na shago rawaya ne, kuma ba ya jure sanyin tudu. Wannan baƙar daga hannun uwarta ta karɓa. Aurelia ta tambaya ko a cikin maƙwabta akwai mai ita. Tsohuwar ta girgiza kai: ƙanƙarar bara ta kashe masarar 'yar'uwarta, sauran kuwa sun daɗe da komawa na shago.

Aurelia ta tuna ranar da yara suka juye ledojinsu a tebur, kafin ta kai gida. Wasu ƙwayoyin sun zube. Ta sa aka ja bencina gefe, ta durƙusa da tsintsiya, tana bin tsagar siminti da gindin bango. Yaran suka bi ta, zannuwansu na jan ƙasa. An share ajin sau da yawa tun ranar, kajin mai gadi kuma sun bi sharar.

Abin da suka tara bai rufe tafin hannu ba, rabi ma wake ne. Doña Petrona ta tsince baƙaƙen, ta ƙulle a bakin kallabinta.

"Za su fito, Iya?" in ji Aurelia.

"Layi ɗaya ba zai cika ba. In tsuntsu ya bari."

Ta kama hannun Marleny. A bakin ƙofa ta waiwayi katakon.

"Kada ku ajiye shi a ƙasa, 'yata. Ba a taka masara."

Aurelia da Efraín suka ɗaga karen suka jingine shi a kan tebur.