Hoton Kan Malam

…shekara shida ke nan, shida, tana ɗura masa ƙwayoyin nan safe da yamma. Ga ta yanzu a bencin asibiti, ambulan biyu na hoton ƙwaƙwalwa a cinya, mijinta a gefe cikin keken marasa lafiya yana kallon takalmansa. Hoto biyu, kai ɗaya. Wanne ne na Malam?

Na farkon — likitan nan mai gilashi ya ɗaga shi a haske yana nuni da biro. "Mama, ciwon makyarkyata ne na tsufa. Ba ya warkewa, sai lallaɓawa." Ta ce masa hannun Malam ba ya rawa. Ta faɗa, wallahi ta faɗa! Tela ne, har lokacin shi yake zura zarensa a allura… ƙafafun ne ke liƙewa a ƙasa kamar an sa musu danƙo. Likita ya yi murmushi. Hoto ya riga ya yi magana, ita a su wa? Shekara arba'in tana gane takun mutumin nan tun daga bakin ƙofa, na'ura ta leƙa kansa minti ashirin —

Yau kuma wannan likitar, sa'ar autarta, wai ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwa. Ana sa ɗan bututu a janye, da an gano da wuri da… ba ta ƙarasa ba, ta hau gyara takardu. Wai a tsohon hoton ma akwai alama, sai dai a kan tsofaffi cututtukan suna kama da juna. Suna kama!

Shagon ɗinkinsa da aka rufe. Ranar da fitsari ya kuɓuce masa a gaban surukai, ta ja shi ɗaki tana faɗa, ya ce bai ji zuwansa ba, ta ce sakaci ne. Ashe ruwan ne. Ta yarda da na'ura, shi ne ba ta yarda da shi ba…

Wa za ta kama? Mai gilashin ya yi ritaya. Sabon hoton ma, wa ya rantse mata shi ne mai gaskiya? Amma a kan hoton nan ake so ta yarda a buɗe kan tsoho.

Malam ya jawo gefen mayafinta. "Me yarinyar ta ce?"

Ta buɗe baki. Ta ina za ta fara… ita dai ta gaji, ko ɗaga kai ta dube shi ta kasa.