Mai Rufe Baya

"A hannuna ya cika," in ji Lauya, ya shimfiɗa tafukansa biyu a kan gwiwa. "Wallahi a nan. Ya dube ni ya ce, 'Ku riƙe min yarana.' Shi ke nan."

Ina tsaye da tiren ruwa a falon maƙwabciyata, Maman 'Yan Biyu, saura ƙiris in juye masa shi a ka. Da safe da ya ba da labarin, a hannunsu su uku, shi da Likitan Haƙori da Injiniya, mamacin ya cika. Zuwa yamma ya koma hannun Lauya shi kaɗai. Likitan Haƙori na gefe yana ƙirga zanen kafet, Injiniya kuwa wayarsa yake ta latsawa. 'Yan biyun, 'yan mata ne da aka ɗauko daga makaranta da labarin rasuwar ubansu, suna zaune a ƙasa sun zuba masa ido.

"Kawu, bai sha wahala ba?" in ji ɗayarsu.

"Ko kaɗan, 'yata. Muna kewaye da shi."

Ƙarya yake shararawa, kuma na sani. Kantina yana bakin layinmu, ba abin da ke shiga ko fita ban gani ba.

Akawu ake ce wa mamacin, don aikin ofis ya yi har ya yi ritaya. Dogo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Su huɗun tare suka yi makaranta, tare suka yi ƙuruciyar hawan keke a duwatsun bayan gari. Daga baya ukun suka yi mota suka yi tumbi, suka manta da hanyar gidansa, alhali Lauya a ƙarshen layin nan yake. Sai da aka gaya wa Lauya a asibiti cewa tumbin nan ne zai kai shi ƙasa, sannan suka tuna akwai duwatsu a bayan gari.

Ranar da na fara ganinsu na yi dariya har da riƙe ciki. Manyan mutane masu furfura, sun cusa kansu cikin matsattsun wanduna, kowane tudu da kwarin jikinsu a waje, ga hular kwano, ga baƙin tabarau, ga kekuna masu tayoyi kamar na babur. Kafin su tashi sai sun jeru a gaban kantina an ɗauki hoto, kowa ya zuƙe cikinsa.

Akawu kuwa tsohon kekensa na ƙarfe ya jawo daga sito, ya sa masa mai, ya sake masa taya. Har da ƙararrawa a jiki, wadda suka mayar abin tsokana. Suka naɗa shi mai rufe baya. Ƙa'idarsu ce wai: na ƙarshe shi ke goya jakar famfo da tif ɗin taya da filasta, ba ya wuce kowa, duk wanda ya yi faci ko ya faɗi shi zai tsaya masa. Yadda Lauya ya sanar da abin sai ka ce muƙami aka ba shi.

"Akawu, da girmanka?" na ce masa wata safiya yana sayen ruwa. "Ka zama ɗan dakon ƙattan banza. Kai kana tsaron bayansu, naka fa?"

Ya yi murmushi yana gyara igiyar jakar. "Mai Kanti, ba ki taɓa gangarowa ta wajen rafin nan ba shi ya sa. In ka saki birki, iska ta cika maka riga, ciyawa na dukan ƙafarka, wallahi sai ka manta kana da gwiwa. Su je gaba abinsu. A baya an fi ganin hanya."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da gaske yake. Mutumin da tun ritayarsa yake zaune a baranda kamar kujera, sai ga shi yana fito, yana dawowa da taɓo har wuya yana ba matarsa labarin tsuntsaye. Duk Asabar in ya karyo kwanar layi sai ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, ita kuma ta ɗora masa ruwan wanka. Su hoto suke zuwa nema, shi kaɗai ne yake zuwa don dutsen.

Asabar ɗin da abin ya faru, rana ta take sosai sai ga su uku sun shigo layi da ihu. Wata sabuwar gangara suka gano, suna musun wanda ya riga wani sauka. Suka baje a bencina, na buɗe musu lemo mai sanyi, suka sha suka ƙara. Lauya ya nuna min hotonsa yana tsallake wani ɗan rami, wai shi ne tsallen mutuwa. Suka tura wa duniya hotunan, suka yi gyatsa, Likita har ya ɗan yi gyangyaɗi. Ni na ɗauka Akawu ya bi ta wajen mai gyara ne, kamar yadda yakan yi.

Da suka tashi tafiya, Injiniya ya matsa tayarsa ta baya ya ji ta yi laushi.

"Kai, ina Akawu da famfon nan?"

Sai a lokacin suka dubi juna. Har in mutu ba zan manta ba, famfo suka nema kafin su nemi mutum. Suka jingine kekunan a jikin kantina, suka faɗa motar Lauya da gudu.

Washegari Likita ya zo kanti, ya ɗauki ashana ya ajiye, ya ɗauki sabulu ya ajiye.

"Mai Kanti, abin da kika gani jiya, don Allah ya tsaya tsakaninmu. Saboda yaran."

"Saboda yaran ko saboda ku? A ina kuka same shi?"

Ya share gumi. "Gindin wata bishiya, kafin rafi. Zuciya ce. Ya jingine keken tsaf, ya cire hularsa ya ajiye, ya zauna. Jakar ma na bayansa." Ya sake ɗaukar sabulun. "Fuskarsa na kallon hanyar da muka bi. Har ya yi sanyi."

"Ajiye min sabuluna ka fita," na ce.

Na yi shirun, amma ba don su ba. Duk sanda na kalli Maman 'Yan Biyu tana sauraron Lauya da kanta a sunkuye, sai in ce wannan ƙaryar ce kaɗai ta rage mata, in na fizge ta me zan ba ta a madadi? Haka na yi ta kai ruwa ina haɗiyar baƙin ciki.

Da baƙi suka ɗauke ƙafa, sai ga su da sabuwar dabara. Wai a ba su keken Akawu su yi masa farin fenti, su kafa shi a ƙololuwar dutse da allon tunawa, har da sunayensu a ƙasa, aminan da suka raka shi har ƙarshe. Lauya ya riga ya yi magana da mai hoto. Nan fa haƙurina ya ƙare. Na rufe kanti da rana tsaka na shiga gidan.

Na same ta a tsakar gida ta baya, ta kifa keken, tana goge busasshen taɓo daga jikin sarƙar da tsohon buroshin haƙori. Yaran suna ɗaki.

"Ƙanwata, akwai maganar da ta tsaya min a wuya. Ranar nan, mutanen nan..."

"Lemo nawa suka sha, Yaya?" Ba ta ɗago ba.

Na tsuguna kusa da ita.

"Ina kicin na ji shigowarsu. Muryar Lauya ai ko kurma ya ji ta. Na ɗora ruwa, na ce yanzu zan ji ƙararrawa. Ruwan ya tafasa na sauke, ya huce na mayar. Ina jin dariyarsu ta katanga." Ta hure ƙurar da ke kan sarƙar. "Wanda abokinsa ya mutu a hannunsa ba ya zama shan lemo."

"Kin sani, kika bar shi yana ta zuba a falonki?"

"Kin ga fuskar yaran in yana faɗa? Daren farko ƙaramar ta tambaye ni, 'Mama, Baba shi kaɗai ne?' Na ce a'a." Ta dube ni, idonta a bushe. "Ni zan iya ɗaukar gaskiyar nan, Yaya. Su ba za su iya ba tukuna. Lauya kuwa bar shi ya yi ta faɗa. Duk sanda ya faɗa sai na kalle shi, shi ma ya san na kalle shi."

"To keken fa? Za ki ba waɗannan marasa kunyar?"

"Su ɗauka. Ƙarfe ne. Miƙo min wuƙar can."

Na miƙa mata. Ta sa bakin wuƙar ta kwance sukurun da ya riƙe ƙararrawar, a hankali don ya yi tsatsa, ta jefa ta a aljihun rigarta.

Asabar ta zagayo suka taru a gaban kantina, farin keken ɗaure a saman motar mai hoto. Ban fito da benci ba. Jakar Akawu tana ajiye a ƙasa tsakaninsu, kowa na gyaran hularsa kamar bai gan ta ba. Da ƙyar Likita ya sunkuya ya goya. Da aka tashi kuwa sai ga manyan mutane suna gogayya da kafaɗa a bakin layi, ba mai son zama na ƙarshe. Tumbi ya ci amanar Lauya, aka bar shi a baya, yana taka feda yana kiran su jira shi.

Na juya wajen gidan Akawu. Tana zaune a baranda a kan kujerarsa, ƙararrawar na tafin hannunta, babban yatsanta a kan maɗannin. Ta bi su da ido har suka karya kwana. Ba ta danna ba.