Ɗan Farin Hure

Dabo ya taka tsani da yaron a kafaɗa, ya zura shi ta bakin rumbu, ya kwantar da shi bisa dammunan gero. Yaron bai yi kuka ba. Ya kwana biyu da daina kuka, sai dai jijjiga da cizon haƙora.

Hure tana bakin murhu tana kallo ta gefen ido. Ɗanta ne, Abdulbasit, ɗan shekara huɗu, amma ba ta taɓa kiran sunan nan da bakinta ba. Ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin Inna Marka, uwar mijinta Dabo, kuma in magana ta kama dole a kansa, "na Inna" take cewa. Haka aka rene ta a rugarsu ta wajen Adabka: mace mai kunya ba ta nuna ta san ɗanta na fari, balle gaban surukai.

"Rufe ka sauko, sun kusa," in ji Nababa, mahaifin Dabo, yana buga sanda a ƙasa.

Ma'aikatan lafiya ne ke bin gidajen Anka suna ɗibar jinin ƙananan yara. Tun da yara suka riƙa mutuwa a Bagega da Duza aka gane gubar dalma ce, wadda ke cikin duwatsun zinari. Maganar da ke yawo a gari ita ce, duk gidan da aka tarar da yaro mai jijjiga sai an ɗauke musu injin niƙa. Gidan Nababa kuwa akwai inji, can bayan ɗakin Marka, inda Dabo ke niƙe duwatsun da ake kawo masa a buhu. Da injin nan aka yi wa gidan rufin kwano. A cikin ƙurarsa kuma yaron ya yi rarrafe, ya koyi tafiya.

Nababa ya zauna kan kujerarsa, ya ɗauko labarin da kowa a gidan ya haddace.

"Wanga gari ba jiya anka kafa shi ba. Nan sarakunan Zamfara sunka zauna, da ganuwa da ƙofofi. Da Nasara ya zo ƙirga kawuna don haraji, cikin rumbu kakana ya ɓoye ƙannenai, har anka gama ba a gane su ba. Ba a ƙirga ɗiyan wanga gida."

Tsohon bai faɗi ɗaya rabin ba. A ƙidayar da ta wuce, shi ne ya cika gidan nan da dangin ƙauye, har masu ciki ya so a lissafa su bibbiyu, wai don a ce Anka ta fi Gummi jama'a. Mutanen gidan Nababa kan yi yawa ko su ragu, gwargwadon abin da mai tambaya ya riƙo a hannu.

Aka yi sallama. Wata mata ta shigo da farar riga bisa atamfa, da akwati a hannu. Hamsatu sunanta, ’yar gari ce daga wata unguwa. Ta durƙusa ta gaida Nababa da Marka, sannan ta juya wajen Hure, wadda ke goye da ƙaramar ɗiyarta, Raihana.

"’Yar'uwa, yara nawa gare ki?"

Hure ta sunkuyar da kai.

"Ga ta nan bayanta," in ji Marka. "Jibgegiya da ita, Allah ya raya. Ku ɗibi jinin, ba mu hana ba."

"Ita ce ta fari?"

Marka ta tafa hannu ta yi salati. "Ke ’yar nan! Ina kika taɓa jin an yi wa mace wagga tambaya gaban surukinta? Ko boko ya cinye kunyar taku duka?"

Hamsatu ta san al'adar, ita ma da ita ta tashi. Ta ce, "Baba, ko za ka ɗan ba mu wuri?"

"Gidana ne," in ji Nababa. Bai ko motsa ba.

A daidai nan wani abu ya riƙa bugun bangon rumbu daga ciki, kaɗan-kaɗan. Hure ta san ko mene ne. Diddigensa ne, jijjigar ta dawo. Hamsatu ta waiga.

"Ɓeraye," in ji Marka. "Sun ishe mu bana."

Hamsatu ta matso har gwiwarta ta taɓa ta Hure, ta rage murya. "Akwai magani a asibiti, kyauta. Yaran da suka fara jijjiga ma wasu sun tashi. Ki faɗa min. Ita kaɗai ce?"

Maganar tana bakin Hure. Ko suna ba sai ta kira ba, ta nuna rumbu da hannu ya wadatar. Amma ga idon Nababa, ga na Marka, ga Dabo tsaye a ƙofar zaure. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, na saki da kora da abin da za a je a faɗa wa mahaifinta a ruga. Harshenta kuma bai taɓa koyon cewa "ɗana" ba.

"Ita ke nan," ta ce.

Aka tsaga yatsar Raihana aka ɗibi jini, ta canyara kuka. Hamsatu ta ce za ta dawo da la'asar, ta fita.

Hure ta miƙe ta nufi tsanin. Nababa ya tare ta da sanda.

"Suna gidan maƙwabta. Katanga ɗaya ce. Sai sun bar unguwa."

Rana ta take. Hure ta je ta durƙusa gaban Marka. "Inna, na Inna bai sha ruwa ba."

"Yau kuma ke ce mai sanin ƙishirwarshi? Ni da na goya shi? Iska ne ya taɓa shi, rubutu zai sha ya tashi. Tashi ki duba tukunya." Marka na faɗar haka idonta na kan rumbun.

Hure ta tari Dabo a bayan ɗaki, ta riƙe masa riga, abin da ba ta taɓa yi ba. "Don girman Allah ka sauko da shi."

Ya fizge rigarsa. "Ki bari su wuce mana! So kike a ɗauke injin mu ci ƙasa? Ba ke kika ce musu ba ki da shi ba?"

Ta koma murhu ta zauna. Bugun ya ci gaba, yana yi yana hutawa, ita kuma tana tuƙa tuwo. Can ta lura ta jima ba ta ji shi ba. Ta ce a ranta barci ya yi, ta ci gaba da tuƙi har tuwon ya kama.

Sai da aka yi kiran azahar motar ma'aikatan ta tashi. Dabo ya hau tsani. Ya daɗe da kansa cikin rumbu, sannan ya fito da yaron, ƙaiƙayin gero manne a leɓensa. Marka ta ƙwalla ihu, Nababa ya daka mata tsawa ta haɗiye.

Ba a yi shela ba. Aka kira liman da maƙwabta kaɗan, aka yi masa wanka, aka fita da shi ta ƙofar baya. Hure ba ta ga fuskarsa ba, don ba a kiran uwar ɗan fari ta yi ban kwana. Matan da suka shigo Marka suka yi wa gaisuwa, ita ce ta yi rashi. Ita kuwa Hure yabo ta samu.

"Kun gan ta? Ko hawaye. Wallahi ’yar mutunci ce."

"Bafillatana ke nan. An iya tarbiyya."

Tana ji, tana zuba musu ruwa a kwanon sha. Ta tsani kanta, ta tsani kowace mace da ke kan tabarmar nan.

Da la'asar sakaliya Hamsatu ta dawo, ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Jinin Raihana cike yake da dalma. Dole a kwantar da ita yau, gobe kuma masu gwajin dalma a ƙasa za su zo su duba gidan lungu-lungu. Nababa ya waiga ta wajen da injin yake. Rumbun bai tsare masa komai ba.

Hure ta gyara goyo ta bi Hamsatu. A cikin zaure, inda babu suruki babu miji, Hamsatu ta tsaya ta kama hannunta.

"Yanzu daga ni sai ke. Mota na waje, akwai wuri. In akwai wani yaro a gidan nan, ko naki ko na riƙo, ki faɗa min in koma in ɗauko shi da kaina."

Hure ta ɗago kai ta dube ta ido cikin ido. Wannan karon ba sai ta yi ƙarya ba.

"Babu," ta ce.