Ƙashin Wuyan Mai Fenti

Mijina mai fenti ne. Ya faɗo daga kan tsani a wani bene da ake ginawa, kuma ba faɗuwar ce ta fi ƙona mini rai ba. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wannan na sani. Abin da abokan aikinsa suka yi masa bayan ya faɗi, shi ya tsaya mini a maƙogwaro.

Likitar ƙashi ce ta kira ni ofishinta. Ta jawo wani ƙashin baya na roba da ke kan tebur, tun daga ƙeya har ƙugu, ƙananan ƙasusuwa a jere ɗaya kan ɗaya, kowanne da rami a tsakiyarsa.

"Na wuya bakwai ne," ta ce, tana nuna su da biro. "Na biyar ne ya tsage. Kin ga wannan igiyar da ta bi ta cikin ramin? Ita ce laka. Duk saƙon da kai ke aika wa hannu da ƙafa, ta nan yake bi. In ƙashi ya tsage, tsokar bayan wuya takan ɗaure tam ta riƙe shi. Amma in aka lanƙwasa mutum, tsoka ba ta da ta cewa. Yaya aka kawo shi?"

"A kan babur, likita. Sun sa shi a tsakiya."

"A zaune?"

"A zaune. Sun ce da ya faɗi har yana motsa ƙafa."

Ta ajiye biron. "Ba zan rantse miki ba. Amma wanda ya faɗo yana motsa ƙafa, ya iso nan ba ya motsawa, to akwai abin da ya faru a hanya. Da an bar shi kwance yadda yake, an riƙe kansa har motar asibiti ta zo, wataƙila da wata maganar muke yi."

Na fito daga ofishin. Wataƙila! Ƙattin maza da gemu, sun sunkuci mutum kamar buhun siminti, sun ɗora a babur, sun bi da shi ta kowane rami da ke kan titi, kansa na lilo. Garin neman gira an rasa ido. Na rantse a raina sai na faɗa musu a gaban idonsu, ko da za a ce ba ni da tarbiyya.

Mijina yana kwance a gadon ƙarshe, kusa da taga, an ɗaure masa wuya da wani abin roba mai tauri. Yana iya ɗaga kafaɗa, yana ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, shi ke nan. Yatsun da ke ja wa bango layi ba tare da igiya ba suna nan a kan zanin gado, har yanzu da shuɗin fenti a ƙarƙashin farcen. In ƙuda ya sauka masa a hanci sai dai ya hura, ko ya kira ni.

Da la'asar suka zo, su huɗu, takalmansu fari fat da ƙurar siminti, da ledar lemo a hannu. Dogo ne a gaba, shugaban maginan, wanda ya tuƙa babur ɗin. Surukata, uwar mijina, tana ganinsu ta miƙe daga kan tabarma ta fara zuba albarka.

"Ga 'ya'yan kirki! Ku ne kuka ceci ɗana. Da ba ku yi maza kun ɗauko shi ba, da yanzu sai dai labari. Allah Ya saka muku."

Dogo ya sunkuyar da kai. Kunyar nan tasa ita ta ƙarasa ni. Ya cuce mu, kuma yana karɓar addu'a yana wani noƙe-noƙe.

"Inna, daina gode musu," na ce.

"Ke! Lafiyarki?"

"Ƙalau nake, shi ne ba shi da lafiya. Malam Dogo, da ya faɗi yana motsa ƙafa ko ba ya motsawa?"

"Yana motsawa, uwargida."

"To dubi ƙafar yanzu. Dube ta mana, kai da ka iya taimako! Ƙashi ne ya tsage, ku kuka ƙarasa lakar a kan babur. Likita ce ta faɗa mini. Wa ya aike ku? Ba ku da waya? Bulo ma in za ku ɗauka kuna lallaɓa shi kada ya fashe, amma mutum kun naɗe shi kamar tabarma. Yarana wa zai ciyar da su, lemonku?"

Masu jinya a sauran gadaje duk sun juyo. Surukata ta kama haɓa. Dogo ya ajiye ledar a gefen gadon. Na so ya musa, wallahi na so, don in samu inda zan ƙara.

"Ya isa haka."

Muryar mijina ce, ƙasa-ƙasa, don yanzu numfashi ma aiki ne a wurinsa. Ba ya iya juyowa, sama yake kallo.

"Yi shiru, Mai Fenti," in ji Dogo da sauri. "Bar ta ta faɗa, tana da gaskiya."

"Ba ta da ita. Dogo ya danne mini kafaɗa, ya ce kada in motsa, zai kira mota. Ni na zage shi."

"Baban yara, me kake cewa?"

"Mai benen yana hanya. In ya tarar da ni a shimfiɗe, aikin ya tafi hannun wani, ga sauran hawa biyu ban taɓa ba. Na ce wuya ne kawai ya ƙage, su ɗaga ni su fitar da ni kafin ya iso. Da suka ƙi, na fara yunƙurin tashi da kaina. Shi ne suka kama ni."

Fushina yana nan cike da ƙirji, ko kaɗan bai ragu ba, sai dai ya rasa inda zai sauka. Na so in kama kafaɗun mutumin nan in jijjiga shi, in tambaye shi hawa biyu da ƙafa biyu wanne ya fi, amma ko taɓa shi ba a yi sai da ma'aikatan jinya.

Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya nufi kunne. Na ga kafaɗarsa ta ɗaga, gwiwar hannun ta lanƙwashe, hannun ya taso kaɗan ya koma kan zanin. Na fizgi tawul na goge masa fuska, da ƙarfin da ya wuce na shafa.

"Kin ji haushina," ya ce.

"Na ji," na ce. "Rufe idon in goge ɗayan."