Ranar da Bakin Ayishetu Ya Ƙi Rufuwa

Ayishetu tana cikin rangaɗa guɗa a tsakar gidansu na unguwar Maamobi sai ta ji ƙas a gindin kunnenta. Guɗar ta yanke, baki kuwa ya ƙi rufuwa. Ta tura haɓarta sama, zafi ya soke ta har ƙwaƙwalwa. Miyau ya fara ɗiga kan sabon leshinta.

Ba a kai amarya a unguwar nan ba da guɗar Ayishetu ba. Yau kuma bikin 'yarta ne, Fauzia, wadda za a wuce da ita Kumasi bayan la'asar. Akwai maganar da ta daɗe tana tanadar mata, ga shi harshe na motsi amma ba abin da ke fita sai "aa, aa". Tsoro ya kama ta ƙwarai, kada yarinyar ta tafi ba ta ji ba.

Mata suka yi mata caa. Wata ta rantse mutanen ɓoye ne, aka kawo rubutu a kofi, ba wadda ta tambayi yadda za ta haɗiye shi. Ƙanwarta Fuseina ce ta ture su ta tare tasi.

A asibiti likitar ta duba ta. "Mma, hamma ne ko dariya?"

"Guɗa ne, madam," in ji Fuseina.

"To ba aljani. Ƙashin muƙamuƙi ne ya goce daga mazauninsa."

Ta naɗe manyan yatsunta da bandeji, ta ɗora kan turamen haƙoran Ayishetu, ta danna ƙasa, ta tura baya. Haƙora suka haɗu.

"Alhamdu lillahi," in ji Ayishetu. Da ta ji muryarta sai hawaye.

"Koko da tuwo mai laushi kawai," in ji likitar. "Ban da ganda, ban da guɗa, sai ya warke."

Da suka dawo gida suka tarar motar amarya ta iso. Ayishetu ta shiga ɗaki, haɓa ɗaure a ƙarƙashin gyale, ta jawo Fauzia har kunnen yarinyar ya taɓa leɓenta.

"Kowa zai ce ki yi haƙuri. Ki yi. Amma in abu ya fi ƙarfinki, ki kira ni. Gidan nan naki ne."

Fauzia ta ƙanƙame ta. A waje Fuseina ta gwada guɗa, ta fito kamar carar zakara mai mura. Ayishetu ta yi maza ta tallafe haɓarta da hannu biyu, kada dariya ta mayar da ita asibiti.