Kati na Bakwai

Likitar ta ɗaga kati na bakwai, hoton wata mata tana ƙyalƙyala dariya.

"Wannan fa, me take ji?"

Yaya ya jawo kujerarsa kusa, ya daɗe yana kallo. "Fushi take. Da ni take."

Auta ta sunkuyar da kai tana murza katin asibiti a cinyarta. Shekara uku ke nan da ciwon ƙwaƙwalwa ya kama yayanta. Magani ya kwantar da muryoyin da yake ji, amma fuskokin mutane sun rufe masa ruf. Shi da yake da shagon ɗaukar hoto a da, yana leƙowa ta bayan kyamara ya ce wa mutum, "Malam, saki fuska, ba haƙori za a cire maka ba." Tun tana ƙarama, daga bakin ƙofa yake gane an ɓata mata rai. Wannan kallon take nema.

Likitar ta juyo wajenta. "Jinin da muka ɗiba ya nuna kumburi a jikinsa, ba irin wanda ido ke gani ba. Wasu masu wannan ciwo, in kumburin ya yi yawa, gane fuska na ƙara yi musu wuya."

"In ya sauka, zai dawo yadda yake?" in ji Auta.

"Abin da muke bincike ke nan, ƙanwata. Ba zan yi miki alkawari ba."

"Kun kwashe min jini," in ji Yaya, yana danna audugar hannunsa, "ko ruwan sanyi babu."

Auta ta yi abin da aka koya musu a gida, wato a riƙa nuna masa fuska ɓaro-ɓaro don kada ya tsargu. Ta washe baki har kumatunta suka yi tsami. Kullum da safe sai ta gwada wannan murmushin a madubi.

Yaya ya tsura mata ido kamar yadda ya yi wa katin. Ya nuna ta da yatsa.

"Wannan kuka take."

"Murmushi take yi," likitar ta ce a hankali. "Sake dubawa."

"Kuka take."

Likitar ta ja ɗan layi a takardarta, alamar bai ci ba, ta miƙa hannu za ta ɗauko kati na takwas.

Auta, wadda tun zuwansu ba ta yarda sun haɗa ido da likitar ba, ta ɗago kai.

"Likita," ta ce, "wannan ki rubuta ya ci."